Itacen Yusnidar

"Rosmaini! Fito ki ga abin da nake gaya miki!"

Ta fito da ludayi a hannu. Ƙasar gangaren da ke bayan gidansu ta sake tsagewa. Ruwan da aka yi ta zubawa tun farkon mako ya ƙwaƙule gindin itacen kirfar maƙwabcinsu, Baba Marjohan, ga shi ya karkato, rassansa na gogar kwanon ɗakin da 'ya'yanta ke kwana. Mijinta Safril na tsaye ƙarƙashinsa da gatari.

"Yau sai na kai shi ƙasa."

"Itacen 'yar mutane? Ubanta na numfashi? Kana so a daina amsa mana gaisuwa a garin nan?"

Safril ya yi tsaki, amma ya sauke gatarin. Kowa a wannan yanki na Kerinci ya san itacen da uba ya dasa ranar haihuwar ɗansa: ba mai sa masa ƙarfe sai uban ya fara zagaye gindin da wuƙarsa. In kuwa uban ya rasu, sai mai itacen ya zo da kansa. Ita kuma Yusnidar, 'yar Baba Marjohan mai wannan itace, tun da suka yi cacar baki da ubanta ta haye Malesiya aikatau, ko sallah ba ta zuwa.

"Tsohon nan ba zai kai Juma'a ba," in ji Safril ƙasa-ƙasa. "In ya tafi bai zagaye shi ba, wa za mu jira? Hadari kuma ga shi can yana haɗowa."

Rosmaini ta zuba kunun shinkafa a kwano, ta hau matakalar katakon gidan tsohon. Shi ne fa ya ba su filin da suka yi gini. Yana kwance a tabarma kusa da taga, ya rame har zaninsa ya yi masa yawa, ɗakin na warin man zafi da sanyayyen gahawa.

"Kin zo duba ko na mutu?"

"Kai, Baba? Ai kai za ka binne mu duka. Tashi ka sha."

"Wannan kunun naki ko kaza ba ta sha. Na ji mijinki, sarkin gaggawa, yana wasa gatari tun safe."

Ta sunkuyar da kai. Kwanon rufin gidanta ya yi wata ƙara, kamar ana jan farce a kansa.

"Ba zan zagaye shi ba," in ji shi, idonsa na kan taga. "Na ce mata ranar da ta dawo za mu sare shi tare. In na sare, me za ta dawo ta tarar?"

Rosmaini ba ta san lokacin da maganar ta kuɓuce mata ba.

"Kaburburan 'ya'yana za ta tarar, Baba!"

Ta toshe baki da hannu, hawaye suka ɓalle mata. Tsohon ya ja numfashi da ƙyar. Can ya ɗaga yatsa ya nuna bango.

"Ɗauko min wuƙar. Ki daina kukan nan, kina ƙara wa kunun ruwa."

A kan kujera Safril da wani maƙwabci suka ɗauko shi, yayyafi ya riga ya fara. Suka ajiye shi a gindin itacen, ƙafafun kujerar na nutsewa cikin laka. Tsohon ya yi bisimilla, ya kafa wuƙa. Ta zame. Ya sake kafawa, ɓawon ko gezau. Daga ƙarƙashin ƙasa wata saiwa ta tsinke, ƙas! Itacen ya ƙara sunkuyowa.

Safril ya miƙa hannu. "Baba, kawo in..."

"Cire hannunka! Kai ka haife ta?"

Rosmaini ta durƙusa cikin lakar, ta kama wuyan hannunsa da hannuwanta biyu.

"Hannunka ne, Baba. Ni tallafe shi kawai nake yi."

Ya dube ta. Wuƙar ta shige. Mazan na jan kujerar a hankali suna zagaya gindin, ita tana bi da gwiwoyi, ƙamshi mai zaƙi da yaji yana tasowa daga tsagar, har bakin yankan ya haɗu da mafarinsa.

"Ku ɓare shi yau," ya ce, muryarsa kamar iska. "In ya kwana, ɓawon zai manne. Kututturen kuma kada wanda ya tumɓuke."

Aka janye tsohon zuwa ƙarƙashin rumfa. Maza suka ɗaura igiya, suka ja itacen wajen fadamar shinkafa, Safril na sara. Itacen ya yi tangaɗi sau ɗaya kan rufin, Rosmaini ta runtse ido tana salati, sannan ya juya ya zube cikin ruwan fadamar.

Ita ta ɓare ɓawon farko, mai kauri, jiƙe da ruwan jikinsa. Ta ruga ta sa wa tsohon a tafin hannu. Ya kai hanci, ya shaƙa.

"Ya nuna," in ji shi.

Bai sake magana ba. Kafin la'asar aka rufe masa ido, ɓawon na cikin hannunsa.

Ana gab da sadakar arba'in Yusnidar ta iso, da jaka ɗaya. Ta wuce ɓawon da Rosmaini ta shanya mata a baranda, duk ya nannaɗe ya yi ja, ta zagaya bayan gida ba ta ko cire takalmi ba. Rosmaini na kallonta ta tagar ɗakin yara. Yusnidar ta daɗe a tsugune gaban kututturen, inda 'yan ganye jajaye suka tsiro daga gefen yankan, tana taɓa su da ɗan yatsa.