Kaifi a Cikin Akwati

Tun shigowar zafi babu gashi ko ɗaya a hannun hagun Lyle Brekke. Haka masu farauta da baka a jihar Montana ke gwada kan kibiya: a goga shi a hannu, in ya aske, to kaifi ya yi. Mutanen kirki ɗan wuri suke askewa. Shi Lyle ya gama da hagu, ya koma dama, har ya fara yi wa ƙaurinsa wani irin kallo.

Yana da dalili. Shekara da shekaru yana hawa duwatsu bayan elk, wata irin ƙatuwar barewa, bai taɓa kawo ko ƙaho gida ba. Bana kuma likita ya latsa gwiwarsa ya ce daga wannan kakar hawa ya ƙare. In bai samu yanzu ba, shi ke nan.

Sai ya ɗora laifin shekarun nan duka a kan kan kibiya. Akwai mai tsayayyen kaifi, yana fasa ƙashi amma iska na ɗan karkatar da shi. Akwai mai buɗe fukafukai in ya shiga nama, yana tafiya sak amma wani lokaci ya ƙi buɗewa. Lyle ya sayi wannan, ya sayi wancan, ya ishi kowa da bayani har a ƙofar coci.

"Maigida, firizar nan fa ba ta cin bayani," in ji matarsa Darlene. "Zaɓi ɗaya mu huta."

Ya zaɓi mai tsayayyen kaifi. Ya wasa su har suna ɗaukar ido, ya naɗe kowanne da auduga, ya jera a akwati don kada wani abu ya taɓa bakinsu. A jikin kibau ya bar kawunan gwaji marasa kaifi, waɗanda yake harbin damin ciyawa da su a bayan gida. Kullum cewa yake sai an isa daji zai ɗaura na gaske.

Ranar fita, wansa Merle ya tuƙa su zuwa gindin dutse. Suna saukowa daga mota suka ji kukan wani namijin elk a can sama, mai kauri kamar daga cikin ganga. Lyle ya fizgi baka ya kama hawa, ya manta da gwiwa, ya manta da komai.

Merle ya laɓe a baya yana busa kukan macen elk don ya jawo namijin. Rassa suka fara karyewa. Sai ga shi ya fito, wuya baƙi, ƙahoni kamar busasshiyar bishiya, ya tsaya ya ba Lyle haƙarƙari. Lyle ya ja tsarkiya har kunne. A nan idonsa ya sauka a kan kibiyar: ɗan guntun ƙarfe mulmulalle, na harbin ciyawa.

Ya san abin da zai biyo baya in ya saki. Kibiyar za ta shiga, jini ba zai zuba ba, dabbar ta je ta yi kwanaki tana wahala a wani kwazazzabo kafin ta mutu. Zuciyarsa ta ce saki, wa zai sani? A hankali ya sassauta tsarkiyar. Elk ya shaƙi iska, ya juya, daji ya haɗiye shi.

Merle ya iso yana haki. "Kai, ƙanen nan, me kake jira? Ya miƙo maka takardar gayyata?"

Lyle ya nuna masa kan kibiyar.

"Ina na gasken?"

"Suna mota, Yaya. Lafiyarsu ƙalau, ko ƙura ba ta taɓa su ba."

Ya fara dariya, ya yi ta yi har ya zauna a kan kututture. Merle ya ga dariyar ta koma wani abu dabam, sai ya kau da kai ya shiga duban gajimare. Da za su sauko, kafaɗar wansa Lyle ya dafa, don gwiwar ta tuna da kanta.

Kafin ƙanƙara ta rufe hanya gashin hannunsa ya dawo. Kawunan kibau suna nan a akwatinsu. Darlene ta ɗauki ɗaya tana yanka igiyar ƙunshin saƙo da shi, ta kuma ce gaskiya ya iya zaɓe.