Babur Ɗin Da Ya Fi Ƙarfin Gida

Neville Stroud ya rushe gidan matarsa da hannunsa, kuma ba abin da ya kai shi sai ƙyashin ƙaninsa. Na faɗa masa haka ido da ido, ba zan fasa faɗa a bayansa ba.

Gidan da nake nufi mota ce. Da Neville ya ajiye aiki, shi da Glenys suka sayar da gidansu na Ballarat, suka sayi motar gida fara mai gado da murhu da banɗaki, suka bi sahun tsofaffinmu masu gudun sanyin kudu. Ba su da wani wurin sa haƙarƙari a duniya in ba ita ba. Glenys ce ta ɗinka labulenta, ita ta san inda kowane cokali yake kwana. Merv, ƙanin Neville, da matarsa Coral suna biye da su a tasu motar, tsohuwa kuma ƙarama. A sansanin matafiya na Mataranka na haɗu da su, lokacin ina gyaran shinge a can, muka shirya mu yi ayari ɗaya zuwa Broome.

Merv yana da wani ɗan jan babur a bayan motarsa, irin wanda masu raba wasiƙa suka gaji da shi suka sayar. Fentin ya koɗe, an ɗaura masa akwatin madara a baya. Mutum ɗaya yana iya sauke shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Amfaninsa ke nan: in ka kafa mota, ka buɗe rumfa, ka jona wuta da ruwa, ba sai ka kwance komai ba don kawai burodi ya ƙare.

Da ƙarfe biyar na yamma, kamar kullum, kowa ya ɗauko kujerarsa da kwalbarsa aka yi da'ira. Hirar ta koma kan babur ɗin Merv. Wani tsoho daga Tasmania har da durƙusawa yana leƙa injin.

"Wannan ai ba ya mutuwa," in ji tsohon. "Jikanka ma zai hau shi."

"Keken ɗinki ne mai taya," Neville ya ce daga kujerarsa. "Ka ji ƙararsa? Kamar sauro ya shiga gwangwani."

"Sauron nan shi ya kawo maka giyar da kake sha, Yaya," in ji Merv. "Ajiye ta in ba ka so."

Aka yi dariya. Neville ma ya buɗe haƙora, amma ni ina kusa da shi, na ga kunnensa ya yi ja.

Washegari abin ya ƙara lalacewa. Glenys tana son zuwa kanti, Neville ya ce ba zai naɗe rumfa saboda man shanu ba. Merv ya miƙa mata hular kwanon Coral. Ta hau bayansa suka tafi. Da suka dawo tana riƙe da rigarsa tana ta ƙyalƙyala dariya, gashinta ya hargitse, kumatunta sun yi ja kamar na budurwa.

"Nev, ka ga yadda muka kauce wa wani kangaru kuwa? Rabona da irin wannan tun kafin a haifi yara!"

"Na gani," in ji Neville. Bai ga komai ba. Abin da ya gani shi ne hannun matarsa a ƙugun ƙaninsa, da dariyar da shi ya daɗe bai sa ta yi ba.

A nan mutumin kirki zai nemi ɗan babur irin wancan ya goya matarsa, magana ta ƙare. Amma mai ƙyashi ba abin da wani yake da shi yake so ba, so yake na wanin ya zama abin raini. Da muka isa Darwin, Neville ya ɓace da safe, da yamma ya shigo sansani a kan wani baƙin babur mai ƙyalli, faɗinsa kamar bijimi, rurinsa har tsuntsaye suka watse daga bishiya. Ya zagaya da'irar kujeru sau biyu kafin ya tsaya, da ƙyar ƙafarsa ta riƙe shi.

"To, mai wasiƙa," ya ce wa Merv, "yau ka ga babur."

"Na gani, Yaya. A ina zai kwana? Kan gadon Glenys?"

"A baya, inda naka yake kwana."

Merv ya daina murmushi. "Da gaske nake. Nawa ni kaɗai nake ɗaga shi. Wannan ya yi nawa uku. Bayan motarka kuma dogo ne, ya zarce tayoyi da nisa."

"Ƙyashi kake yi."

"Ni? Wallahi kai dai ka san mai yi."

Ni ma na sa baki. Na ce masa duk wanda ya taɓa zama a ƙarshen benci ya ga ɗaya ƙarshen ya tashi ya san abin da zai faru. Nauyin da ka rataya can bayan tayoyin baya ba nauyinsa kaɗai yake ɗora musu ba, yana kuma ɗaga gaba. Ya ce in koma wajen shingena.

Mai walda na farko ya ƙi aikin haɗa wa motar wurin ɗora babur. Na biyu ma ya ƙi. Na uku ya ce shi ƙarfe kawai yake haɗawa, ya haɗa masa kariya mai kauri a gindin motar. Glenys ta dage sai an je sikelin manyan motoci, don ta san akwai iyakar da doka ta sa. Abin da Neville ya yi a nan shi ne ya fi ɓata mini rai. Kafin su tafi ya zubar da ruwan tanki. Ya fitar da keken ɗinkin Glenys da tukunyar ƙarfen mahaifiyarta ya tura su motar Merv, wai aro na kwana ɗaya. Da suka hau sikeli allura ta ɗan haura, sai ya juya ya ce, "Glen, ɗan sauka ki miƙe ƙafa."

Ta sauka ta tsaya a rana da jakarta a hannu, allura ta dawo daidai. Jimillar nauyi kaɗai ya auna, bai yarda a auna tayoyin baya su kaɗai ba. Ya karɓi takarda yana kaɗa ta. Da suka dawo ya sake cika tanki.

"Ashe ni ce kayan da suka yi yawa," Glenys ta ce wa Coral da yamma. Ba ta yi dariya ba. Keken ɗinki da tukunya kuwa ba su sake komawa motarta ba.

Daga Darwin zuwa Kununurra sau ɗaya tak aka sauke babur ɗin nan. Sai da mu uku muka riƙe shi a kan faifan ƙarfe, ya kusa karya mini tsintsiyar hannu. Mayar da shi ya fi wuya. Daga ranar duk wanda ya ga Neville ya nufi bayan motarsa sai ya tuna yana da wanki. Babur ya zauna can sama cikin ƙura, a ɗaure da igiyoyi. Burodi kuma Merv ne yake sayo wa kowa, har da Neville.

A kan kwalta ma motar ta fara nuna hali. Gabanta ya ɗaga kamar kare mai shinshina, gindinta ya zauna. Duk tirela mai jela uku da ta wuce sai motar ta yi tangaɗi. Glenys ta ce sitiyarin kamar ba ya taɓa ƙasa, ta daina karɓar tuƙi.

Bayan Kununurra Merv ya ce shi da Coral za su bar motarsu a sansani, su shiga hanyar ƙasa da ɗan jan babur su ga wani kwazazzabo mai ruwa. Glenys ta ce, "Kai, da ma ni ce."

Wannan kalmar ce ta ƙarasa Neville. Ba mai taimaka masa ya sauke nasa, kuma ko an sauke ba zai iya riƙe shi a yashi ba.

"Shiga mota," ya ce. "Da gidanmu za mu je. Mu riga su."

"Nev, hanyar nan duk gargada ce."

"Na ce ki shiga."

Na bi su a baya da tawa motar, don na san za a buƙaci wani. Hanyar ta yi tudu-tudu kamar kwanon rufi. Ina kallon baƙin babur ɗin yana sama yana ƙasa, kowane tsalle yana fizgar gindin motar. Na yi ta danna hon, na kunna fitila. Neville ya hango ƙurar Merv a gaba, sai ya ƙara wuta. A gangaren wani busasshen rafi gindin ya daki ƙasa. Ƙashin motar ya karye daidai bayan tayoyi, bangon baya ya yage ya biyo babur, gado da labule da kwanuka da hotunan jikoki suka watse a jar ƙasa.

Ba wanda ya ji rauni. Glenys ta fito, ta bi hanya tana tsintar cokula ɗaya bayan ɗaya tana goge su da gefen rigarta. Neville kuwa wajen babur ya fara gudu. Ta ɗaga kai ta gan shi durƙushe yana shafa tankin babur ɗin.

Merv ne ya juyo, ya ga abin da ya faru, ya sake hawa ɗan jan babur ɗinsa ya je wani gidan mai ya kira motar da ke jan lalatattun motoci.

Mutanen inshora suka zo suka duba waldar, suka auna abin da ya rage, suka ce an yi wa motar lodin da ya wuce ƙa'ida, ba ruwansu. Neville ya nuna musu takardar sikeli. Suka tambayi Glenys ko tana cikin motar ranar awon.

"A'a," ta ce. "Ina waje ina miƙe ƙafa."

Ta shiga motar Merv da Coral, inda keken ɗinkinta da tukunyar mahaifiyarta suke jiranta, suka wuce Broome. Daga can ta koma wajen 'yarta.

Neville yana nan a bayan gidan man, cikin ɗakin kwano na ma'aikata, yana wanke banɗakunan matafiya a bakin kwanansa. Babur ɗin yana jingine a bango, ƙafar gaba a lanƙwashe, ba mai saye. Matarsa ba ta ɗaga wayarsa.