Kwana Tara Mainasara Bai Ci Ba

Mota ce ta zame daga kan jak ta danne wa Mainasara ƙugu a garejinsu na Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Bayan wata huɗu ya fara takawa da sanda, amma riƙe bayan gida ya gagara. Ba ya jin zuwansa, sai dai ya ji ɗumi a jikinsa.

Juma'ar da ya fara komawa masallacinsu na unguwar Kalakla abin ya same shi a sahu na biyu, cikin farar jallabiya. Ya dawo gida ya shige ɗaki, ya daina cin abinci, sai ruwa da shayi.

Matarsa Hajara ta kai masa kisra, gurasar dawa, da miya, ta kai dafaffen waken ful, duk ta kwashe su a yadda ta ajiye.

"Abu Duha, don Allah ko loma ɗaya," in ji ta, da alkunyar da take kiransa da ita.

"In ban zuba ba, me zai fito?" in ji shi, fuskarsa na kallon bango.

Amma yana fitowa, ruwa-ruwa, cikin kuma ya yi tauri kamar dutse. Ran kwana na tara ya faɗi a bakin ƙofa. Hajara ta fita ba takalmi ta tare raksha mai ƙafa uku, ta yi ta kuka har suka haye gada zuwa wani asibiti a Omdurman.

Likitar, Diktora Iman, ta danna cikin ta girgiza kai.

"Baba, yunwa ba za ta tsayar da hanji ba. Shi matsawa yake yi yana turo kashi ƙasa. A dubura akwai ƙofa biyu. Ta ciki da kanta take buɗewa in kashi ya iso, ta waje kuwa kai ke riƙe ta. Jijiyar da ke kai maka labari ce ta ji rauni. Yanzu kashin ya daskare a ciki, ruwa ke zagaye shi yana zuba."

"Zan warke?"

"Ban sani ba, wallahi. Amma hanji ya fi motsi bayan an ci abinci. Ka karya kumallo lokaci ɗaya kullum, ka sa maganin nan, ka zauna a bayi rabin awa. Mu riga shi."

Aka wanke masa ciki, aka sallame su bayan kwana biyu.

Safiyar farko ya ci rabin burodi, ya zauna a bayi har ƙafafunsa suka sage. Ba abin da ya zo. Da la'asar ya ɓata shimfiɗa, ya kifa kai yana kuka kamar yaro. Hajara ta wanke, ta shanya a bayan ɗaki inda maƙwabta ba za su gani ba.

A sati na uku ya samu kwana huɗu a jere lafiya, na biyar ya ɓaci. Har yanzu bai yarda ya wuce bakin titi ba. Amma da safe, in Hajara ta makara, shi ke ƙwala mata kira ta kawo abincin kafin lokaci ya wuce.