Minti Goma Sha Ɗayan da Aka Yanke

Maman Shalele a kantin magani take aiki, kuma yadda take ba da magani haka take ba da fim: sai ta duba, ta auna, ta rage. Duk fim ɗin da zai shiga idon 'yarta mai shekara shida, ita take fara kallonsa, da littafi da biro a cinya, tana rubuta mintocin da za a tsallake.

Wannan karon fim ɗin ƙasar Sin ne na zamanin da, Baban Shalele ya shigo da shi yana ta zuba yabo. Labarin 'yar wani maƙeri ne da sarkin yaƙi ya kashe mata uba, ta hau dutse ta shekara goma sha biyu tana koyon takobi a wurin wani tsoho. Ga abin da Maman Shalele ta rubuta: Minti na tara, jini. Minti na arba'in, an bar yarinya da wuƙa ba babba a kusa. Ba wanda ya ci abinci a zaune. Kowa da farin kaya, ba a nuna mai wanki ba. Can ƙasa ta ja layi biyu: minti goma sha ɗayan ƙarshe a yanke duka, gawa ta yi yawa.

Saboda haka Shalele ta kalla har inda 'yar maƙeri ta sauko daga dutse tana rantsuwar ɗaukar fansa. Nan uwar ta danna rimot.

"Ya ƙare. A je a wanke hannu."

Ran Talata aka nemi sandar mofa aka rasa. A baranda aka same ta, a hannun Shalele, wadda ta kife bokiti ta tsaya a kai da ƙafa ɗaya.

"Ke! Me kike yi?"

"Horo."

"Horon me?"

"Fansa. Ran Asabar."

Ran Asabar Gwaggo za ta zo, yayar Baban Shalele, tare da 'yarta. Zuwan da suka yi na baya, 'yar Gwaggo ta cire wa 'yar tsanar Shalele kai, kan yana nan a kan taga yana kallon titi. Maman Shalele ta dubi sandar, ta ga ta fi mai riƙe da ita tsawo, ta tuna 'yar Gwaggo gilashi take sawa. Ta ƙwace. Washegari aka ga ludayi a baranda. Ran Alhamis, lema.

"Fim ɗinka ne ya jawo," ta ce wa maigidan yana cire takalmi.

"Haba Maman Shalele. Ai ba fim ɗin fansa ba ne, na haɗin kan ƙasa ne."

"A ina aka haɗa kan?"

"A ƙarshe mana."

Ta kawar da kai. Ya ɗago ya dube ta.

"Au, ƙarshen kika yanke?"

"Gawa ashirin da uku na ƙirga."

Ya jawo kwanon abinci ya fara ci. Ita kuwa ta zauna da cokali a hannu. Kullum sai ta gaya wa mutum goma a kanti cewa kada ya tsaya a rabin magani don ya ji sauƙi, ya shanye duka.

Ran Juma'a da aka taso daga makaranta ta ɗora Shalele a cinya ta kunna ƙarshen. Wurin gawarwakin ta rufe mata ido da tafi, yarinyar tana leƙe ta tsakanin yatsu. 'Yar maƙeri ta iske sarkin yaƙi a bakin kogi, ruwa ya cika, yana riƙe da igiyar gada, mutanen garuruwa biyu da suka gama yaƙi suna tsallakawa. Ta ɗaga takobi, ta daɗe a haka, sannan ta jefar ta kama igiyar.

"Mama, me ya sa ba ta sare shi ba?"

"In ta sare shi igiyar ta kuɓuce, gadar ta tafi da kowa."

"To babanta fa?"

Wannan ba ya cikin littafin. Maman Shalele ta gyara mata wuyan riga.

"Ko ta sare shi babanta ba zai dawo ba."

"Ya ba ta haƙuri?"

"Bai ba ta ba."

"Mara kunya."

"Ƙwarai kuwa."

Suka kalla har aka kafa tuta ɗaya a tsakiyar gadar.

Ran Asabar duk wani abu mai tsawo a gidan yana saman wadirob. Maman Shalele ta zauna a kujerar da ke kallon ƙofar ɗakin yara, tana amsa hirar Gwaggo da rabin kunne. Shalele ta fito ba murmushi, ta miƙa wa 'yar Gwaggo gangar jikin 'yar tsana.

"Riƙe nan. Kada ki saki."

Ta shafa gam ta ɗora kan. Ya ɗan karkace.

"Daga yau ƙasa ɗaya ce," in ji ta. Ta ɗauki jakar kayan wasan 'yar Gwaggo ta juye a akwati.

"Akwatin wa ne?" 'yar Gwaggo ta tambaya.

"Na ƙasa."

"Ina ƙasar take?"

"A ɗakina."

"Kai, yaran nan akwai son juna," in ji Gwaggo.

Maman Shalele ta duba gilashin, ta ga yana nan lafiya a kan hancin mai shi. Ta jawo littafinta ta soke layi biyun nan, ta rubuta: A nuna duka. A ƙasa ta ƙara: A bincika batun akwati kafin su tafi.