Maganar Gado Ce

Saƙon ya shigo ina tsaye gaban babban injin wanki, hannuna duk kumfa. Na goge a jikin rigar aiki na duba. Baban Ɗigo ne, kalma shida kacal: "Likita ta ce maganar gado ce." Daga nan ya hau babbar motarsa ya kama hanya, wayarsa ba za ta ƙara shiga ba sai bayan kwana tara.

Gado? Gadon wa? Nan take na ji kaina ya ɗau zafi.

Ɗigo 'yata ce, ita kaɗai Allah ya ba mu, shekararta takwas. Da aka haife ta ba ta cika tafin hannu biyu ba, shi ya sa sunan ya bi ta. Wata huɗu ke nan ta koma fitsarin kwance, yarinyar da ta daina tun tana shekara uku. Ni kuwa aikina wanki da guga a otal, zanin gado ɗari biyu a rana, ban da tawul da rigunan filo. In dawo gida ƙafafuna sun kumbura, in kwanta, in tashi da safe in tarar da zani na ɗari biyu da ɗaya yana jirana. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi faɗa, na yi zagi, na murɗe kunne. Sau biyu na sa ta wanke da hannunta kafin ta tafi makaranta.

Amma ba fitsarin ne ya kai ta asibiti ba. Ɗigo ta daina shan ruwa. Gorar da nake cika mata da safe, a cike take dawowa. Leɓɓanta suka tsattsage, idonta ya faɗa. Ran Litinin malamarsu ta kira ta ce yarinya ta yanke jiki ta faɗi a filin makaranta. Na nemi izini, shugabar sashenmu ta ce in na fita kada in dawo. Shi ya sa ubanta ya kai ta, shi ya sa kuma abin da ya iso gare ni kalma shida ne.

Ashe irin saƙon ya tura wa uwarsa. Da yamma sai ga surukata, ta zauna a kujerar da ta fi kowace laushi, ta gyara mayafi.

"Ai na faɗa tun tuni," ta ce. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mu dai a zuri'armu, ko jariri da kunyarsa ake haihuwarsa. Sai a bincika ɗaya ɓangaren."

Na haɗiye abin da ya zo bakina don uwar miji ce, amma kofin shayin da na dire mata sai da ya fantsala. Tana fita na kira tawa uwar.

"Daga gare su ne," in ji Inna, ko numfashi ba ta ja ba. "Tambayi ɗan nasu sau nawa yake tsayar da mota a hanya."

Duk wannan ana yi Ɗigo na rakuɓe a bayan ƙofa tana ji. Na miƙa mata kofin ruwa, ta girgiza kai. Na daka mata tsawa, ta kurɓa sau ɗaya ta riƙe a baki. Da na juya baya ta tofar a wurin wanke-wanke.

Washegari lokacin hutun rana ko abinci ban kalla ba, na nufi asibitin da rigar aikina. Likitar wata 'yar siririya ce mai gilashi, ba za ta girme ni ba. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Likita, ki faɗa min jinin wa ne. Nawa ko nasu? An hana ni sakat a gidana!"

Ta ce ba ta gane ba. Na dangwara mata wayar a kan tebur. Ta karanta, ta so ta yi dariya, ta kalli fuskata ta fasa.

"Baiwar Allah, gadon kwanciya na ce masa, ba gadon iyaye ba."

Kai! Na yi tsaye kamar an dasa ni. A baki ai ba a haɗa su, ɗaya jan sa ake yi, ɗaya a datse. Amma a rubuce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, mutumin nan kuma ya ƙi ƙara ko kalma guda. Tun jiya gida biyu suna jifan juna a kan ragwancin yatsansa.

"To gadon me ya yi?" na ce. "Katifar sabuwa ce."

"Zauna," ta ce. Na zauna. "Ƙodarta lafiya lau. Rashin ruwa ne ya kayar da ita, in kuma ta ci gaba a haka ƙodar ma za ta taɓu. Na tambaye ta me ya sa ba ta sha. Ta ce kullum da safe hannunki ne ke tashinta, kuma ba ita kike taɓawa ba, katifa kike taɓawa. Shi ne na ce wa babanta maganar tana kan gadon nan, a duba abin da ke faruwa a kansa da safe."

Na buɗe baki in kare kaina, ta riga ni.

"Me ya canza a gidanku wata huɗu da suka wuce?"

Ba a gida ba ne, a wurin aiki ne. Lokacin aka kawo mana sabuwar shugabar nan, wadda ba ta kiran kowa da suna sai da lambar inji. Tun safe take kanmu har yamma, ba halin ka ce uffan. Sai in ƙunso abin in kawo gida, in sauke a kan wadda ba za ta iya korata ba.

"Wancan gadon ma akwai shi," likita ta ce. "Jiki yana gadon wurin da yake da rauni, amma zaman gida ne ke danna wurin. Ke ko babanta, akwai wanda ya yi fitsarin kwance yana yaro?"

Na ce babu. Na faɗa ina kallon ƙwayar idonta, kuma ƙarya ce tsagwaronta.

Da aka tashi aiki ban je gida ba, wurin Inna na wuce. Na same ta tana ninke kaya.

"Inna, har shekara nawa na kai ina yi?"

Ta ci gaba da ninki. "Goma."

"Shi ne jiya kika ce daga gare su ne?"

"To so kike in tona miki asiri gaban surukai?"

"Asiri? Ke da kike jingina katifata a ƙofar gida duk mai wucewa ya gani? Ke da kike kiran yaran maƙwabta su yi min waƙa?"

"Don ki ji kunya ki daina ne. Ni ma haka uwata ta yi min, ga ni ban mutu ba."

Wallahi ban san lokacin da na fara ihu ba. Na faɗi abin da na ƙunsa na shekara ashirin da biyar, ban rage komai ba. Ina cikin yi na ji muryar da ke fita daga bakina, na gane ta. Tata ce, har yadda take tsinkewa a ƙarshe. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nata. Na ɗau jakata na fita ban yi sallama ba, har yau kuma ban huce ba.

Da gari ya waye na shiga ɗakin Ɗigo da kofin ruwa. Na rantse a raina ba zan taɓa katifar nan ba, amma hannuna ya saba, sai da ya kai rabin hanya na janye shi. Idonta biyu, ta sandare a kwance tana kallon hannun.

"Mama, ban yi ba," ta ce da sauri, leɓenta na ƙasa har ya fitar da jini. "Taɓa ki ji. Jiya ko kaɗan ban sha ba."

Murna take yi. Kyauta ce ta tanadar min.

Na zauna a bakin gadon, na ɗora hannun a goshinta. Ta zabura, sannan ta tsaya. Na kai mata kofin baki.

"Shanye duka."

Ta kalli ruwan, ta kalle ni. "In na yi fa?"

"Ki yi mana. Zanin baƙi ɗari biyu nake wankewa kullum, mutanen da ko fuskarsu ban sani ba, ban taɓa zagin ko ɗaya ba."

Ba ta yarda da ni ba, na gani a idonta. Rabi ta sha, ta riƙe kofin da hannu biyu tana jira ta ga ko zan canza.