Ɓawon Kalwa

Ɓawon kalwa ya fito daga bakin dutsen, baƙi-baƙi, yana juyi a kan ruwa. Rabi'atu ta dire tulu ta rangaɗa guɗa.

"Inna na nan lafiya!"

Rafin da ya bi ta bayan gidan iyayenta, can cikin dajin Birnin Gwari, bai yarda ya zagaya tudu ba. Wani farin dutse ya samu mai taushi, ya yi ta cinsa shekara da shekaru har ya huda shi. Nan yake shigewa ƙasa, ya ɓullo a ƙauyen da aka kawo ta aure. Tun da mahara suka tare hanyar daji, ba mai zuwa, ba mai komawa. To amma Inna Saude mai daddawa ce. Duk jajibirin kasuwa takan wanke dafaffiyar kalwa a rafi, ruwa kuma ya kawo wa 'yarta ɓawon.

Mijinta Abarshi ba ya gajiya da tsokana. "Kowa goro ake aiko masa, ke kuwa shara!"

"Sharar ta fi goronka," in ji ta.

Da kaka ta yi, sai ɓawo ya ɗauke. Kasuwa ta ci, ta sake ci, ruwa na fitowa garau. Rabi'atu ta rame don fargaba. Abarshi ma ya bar tsokana, yakan raka ta bakin dutsen.

Ran nan sai ga shi. Abarshi ya riga ta gani, har da tsalle. "Alhamdu lillahi! Ga sharar taki nan!"

Ta shiga ruwa ta tara gefen zaninta. Ɓawo ne kam, amma cakuɗe da lafiyayyar ƙwayar kalwa, tafi guda, wata ma ko dahuwa ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallo. Innar da ke bin ƙwaya ɗaya har tsakiyar rafi tana mita?

"Wannan ba hannunta ba ne," ta ce a hankali. "Baba ne. Wayyo Baba, mutumin da ko wuta bai taɓa hurawa ba! Inna ta rasu, Malam. Shi ne yake wanke kalwa don kada in sani."

Abarshi ya karɓi tulun. A hanya ta yi kuka har ta gaji.

Da jajibiri ya zagayo, ta koma bakin dutsen ta zauna. Can sai ɓawo ya fito, da ƙwayarsa a ɓarnace.

"Baba na nan lafiya," ta ce.