Inda Ruwa Zai Sauka

"Sauko! Da kai nake, ba da bango ba!"

Malama na tsaye a kan bokitin da ta kifa, haɓarta a kan katangar da ta raba gidanta da na Direba. Shi kuwa yana durƙushe a kan rufin 'yar rumfar katakon da ke ƙuryar gidansa, ƙusoshi a baki, guduma a hannu, ya yi kamar iska ce ke kaɗawa. Sai da ya gama buga wadda ya ɗora sannan ya tofa sauran a tafinsa.

"A'a, Sufeto! An dawo? Ya jikokin? Da ba kya nan unguwa ta yi shiru, har tantabaruna sun yi ƙiba."

"Auta ta ce likita ya hana ka ko ɗaga buta."

"Buta ya hana. Bai ce komai a kan guduma ba."

Sufeto yake ce mata tun tana koyarwa, wai ba abin da ke wucewa a layin ba ta duba shi ba. Ita kuma Direba take ce masa, ko da yake rabonsa da sitiyarin bas tun kafin matarsa ta rasu. Yanzu daga shi sai autarsa da tantabarun da ke cikin rumfar nan.

Rumfar ce tushen rigimarsu. Jingine take da katanga, rufinta kusan a kwance yake, gangaren bai fi na farantin da aka ɗan karkata ba. Irin wannan rufi kwano ba ya yi masa, don ruwa ba ya gudu, zama yake yi ya laluɓi mahaɗa ya shige. Shi ya sa tun farko Direba ya shimfiɗa katako ya rufe da tabarmar kwalta, baƙar shimfiɗar nan mai kauri da ake saya a naɗe, bayanta da ɓarɓashin tsakuwa. Ranar da ya fara sa ta, shekara da shekaru da suka wuce, Malama ta leƙo ta tambaye shi me ya sa ya fara daga jikin katangarta.

"Daga inda ruwa zai sauka ake farawa," in ji shi. "Sai ta sama ta hau kan ta ƙasa, kamar gashin tsuntsu."

"Wato a gidana zai sauka."

"Ruwa ai rahama ne, Sufeto."

Rahamar nan ta haƙa rami a ƙofar kicin ɗinta, ta ɓare mata fenti, ta mayar mata da wanki baya ba sau ɗaya ba. Da hadari ya haɗo, sai ta ruga da bokiti ta tara a wurin, tana tarawa tana zazzaga masa ta kan katanga, shi kuma yana ramawa daga ƙarƙashin rumfa. Mutanen layi sun yi sulhu har sun gaji. Kowa ya zo sai ya ce mata haƙuri maganin zaman duniya. Ta lura masu faɗin haka duk kicin ɗinsu a bushe yake.

Yau ma da bakinta ta hau bokitin. Amma tana cikin magana sai idonta ya tsaya a kan aikin. An yaye tsohuwar tabarmar, katakon sabo ne fes, kafinta ya zo kenan da ba ta nan. Sababbin layuka biyu na kwance, baƙi wuluk, kuma ba daga katangarta suka faro ba. Daga can gefen tsakar gidansa suka faro, suna hawowa wajenta.

Ta sake dubawa. Ido ba ya gane gangaren, amma ta san abin da ta gani.

"Direba. Ka juya rufin."

"Kafinta ne ya ɗan ɗaga nan."

"Kafinta ba ya ɗaga abin da ba a ce ya ɗaga ba."

Ya tsoma guntun katako a gwangwanin kwalta ya shafa a bakin layin. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mutumin da ya ce ko alƙali ya zo ba zai taɓa rufin nan ba. Malama ta sauko daga bokitin.

Ta kasa zama. Ta ɗora ruwan shayi ta manta da shi har ya ƙone. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta ɗauko littafi, layi ɗaya ta yi ta maimaitawa. Gudumar na tafiya, kwas, kwas, ta huta, ta ci gaba. Da rana ta take sai ta ji hutun ya yi tsawo. Sannan muryar Auta.

"Baba! Baba! Wayyo, Malama!"

Bai faɗo ba. Kwanciya ya yi a kan rufin, kunci a kan katako, kamar mai sauraron tantabarun da ke ƙasa. Maƙwabta suka sauko da shi, aka kai shi asibiti, kwana kaɗan aka dawo da shi da jakar magunguna. Likita ya ce a bar shi ya huta a gida. Malama ta isa sanin abin da likita ke nufi in ya ce a gida.

Ta shiga duba shi da safe. Rabon da ta taka ɗakin nan tun rasuwar matarsa. An jawo gadon kusa da taga, ta nan ana ganin rumfar, rabi baƙi rabi farin katako, sauran naɗin tabarmar a jingine da bango. Sama ta yi nauyi ta gabas. Auta na bakin ƙofa da waya a kunne.

"Yaya ya ce a bari, ƙarshen mako zai turo ma'aikaci."

"Ki ce wa yayanki ya yi wa hadarin waya shi ma," in ji Direba. Muryar ta shige ciki, amma bakin na nan. "In katakon nan ya sha ruwa ya kumbura, aikin ya tashi. Ga tantabaru masu ƙwai a ciki."

"Baba, don Allah ka daina tunanin rufi. Hutu aka ce."

"An ce," in ji Malama, ta ja kujera. "Ke kin ga alamar mai hutawa a nan? Tun da na shigo idonsa na waje." Ta juya gare shi. "Wa ya roƙe ka? Na ce ka juya rufin?"

"Shekara nawa kina cewa."

"Cewa daban, roƙo daban."

"Ke kika ce ko a lahira sai kin yi ƙarata."

"To da ka bari mun je can ɗin mana. Gaggawar me kake yi?"

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, Auta ta tallafe shi. Da ya lafa ya ce, "Ba na so in tafi in bar ki da abin faɗa, Sufeto."

"In ka kwashe abin faɗan, da me zan zauna?"

A waje tantabara ɗaya ta sauka a kan farin katakon tana zagaye.

Malama ta miƙe ta ɗaure gyalenta a ƙugu. "Auta, ina tsanin?"

"Malama! Da girmanki? Me mutane za su ce?"

"Abin da suka saba. Rumfar da ko ni na miƙa hannu ina taɓa bakinta? Ɗauko wuƙa."

Suka kwantar da naɗin a tsakar gida, suka auna da igiya, suka yanka layukan da suka rage. Malama ta kama bakin ɗaya za ta nufi tsani, sai ga murya ta taga.

"Ina za ki da ita?"

"Kasuwa. Ina kake gani?"

"Ajiye. Shimfiɗa ta a rana ta saki jiki. In kika buga ta da sanyin naɗi a jikinta, rana na dukanta za ta yi tudu, ruwa ya samu ƙofa."

"Wace ranar? Dubi sama!"

"Akwai saura. Ajiye."

Suka shimfiɗa su, suka danne kusurwoyin da bulo. Bakin kowanne ya ɗage yana neman komawa yadda ya saba. Ba abin yi sai jira, kuma jira ne abin da Malama ba ta taɓa iyawa ba. Ta je ta taɓa, ta dawo. Ta dubi gabas. Ta taka bakin tabarmar da ƙafa, ya sake ɗagowa. Rana ta fito, ta shige, ta fito. Iska ta fara kaɗa wankin wani gida.

"Zauna, kina sa ni jiri," in ji shi.

Ta zauna a bakin tagar ta waje, bayanta a bango, kansa a saitin kafaɗarta.

"Ta saki?"

"Ba ta saki ba. Irin halinka gare ta."

"Za ta saki. Kowa na saki." Ya numfasa. "Tafin hannu guda za ki ɗora a kan ta ƙasa. Kwalta a tsakani, kar ki yi rowa. Ƙusa kusa da kusa, ki shafe kan kowace."

"Na ji."

"In kina bugawa ki buga da ƙarfi in ji. Ta sauti nake gane wadda ta shiga."

Da suka sake dubawa ta kwanta lumui, ta yi laushi kamar fata. Auta ta riga ta hawa, ta ja, Malama ta turo, sannan ta bi tsanin a hankali tana yi wa gwiwoyinta faɗa. Daga sama ta hango gidanta kamar na wata: ramin ƙofar kicin, ɓararren fenti, bokiti a kife. Ashe haka yake ganinta duk shekarun nan.

Auta na shafa kwalta, ita tana bugawa. Ta farko ta lanƙwashe.

"Wannan ba ta shiga ba!" in ji taga.

"Na sani! Ido gare ni!"

Ta biyu ta shiga. Ta uku ma. Kwalta ta ɓata mata zane, ta manne mata a yatsu, gumi na shiga ido. Suka gama layi, suka jawo na gaba, suka ɗora tafin hannu guda.

"Sufeto, kin iya! Da kin bar koyarwa tuntuni!"

"Rufe baki ka huta, an ce!"

Suka kai layi na ƙarshe, wanda ya hau kan katangarta. Iskar ta yi sanyi, tantabaru suka dawo gaba ɗaya suka shige. Malama ta buga wata ƙusa ta goce, ta kwanta a karkace. Ta dakata, guduma a sama, tana jira a ce mata ba ta shiga ba.

Labulen tagar kawai ke motsi.

Auta ta dube ta. Ta ajiye gwangwanin, ta sauka, takalmi ɗaya ya zame mata a tsani ba ta tsaya ba. Malama ta ji ƙofa, ta ji shiru, sannan ta ji kukan da ta san za ta ji.

Ta yi salati a hankali. Ƙafafunta suka ce ta sauka. Ta dubi tazarar da ta rage, ba ta fi kamu uku ba, bakin tabarmar na ɗagawa da iska. Ta zare lanƙwasasshiyar, ta ɗora sabuwa, ta buga da ƙarfi. Ta buga ta gaba. Mutane sun fara shigowa, wata na cewa, "Wai wace ce a sama? A irin wannan lokaci?" Ba ta waiwaya ba sai da ta kai ƙarshe, ta bi kan kowace ƙusa ta shafe.

Hadarin ranar bai zubar ba, iska ta watsa shi. Aka kai Direba makwancinsa, aka dawo, gidan ya cika ya rage. Masu gaisuwa suna ta cewa ya huta. Malama kuwa kwalta na nan a ƙarƙashin farcenta ta ƙi fita.

Ruwan ya zo da wata la'asar, ba sallama. Tana jin tsawar farko ta ga kanta a tsakar gida da bokiti, ta dire shi a ramin ƙofar kicin, ta ɗaga kai wajen katanga, baki a buɗe.

Ba abin da ya zubo. Ta can ɓangaren take jin sa, yana sauka a tsakar gidansa da ƙarfi, shaa, a ƙarƙashinsa kuma tantabaru na guɗa a bushe. Ta tsaya a ƙofar kicin, gyale a ka. Ɗigo na faɗawa cikin bokitin ɗaya bayan ɗaya, ko gindinsa bai rufe ba.